Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Shari'a a Ziyararsa ta Ganin Gidan Yarin Gundumar Cook, Shikago

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Shari'a kuma Antoni Janar, da 'yan tawagarsa, malamanmu da limamai, iyayenmu dattawan wannan al'umma, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawa mazauna Shikago da kewaye, na Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Ka sha tafiya, ka kuma sauka cikin sanyin da mu kanmu da muka daɗe a nan har yau bai bar ba mu tsoro ba. Mun gode da ka ware mana wannan dare kafin gobe ka shiga abin da ya kawo ka. Dattawa suka ce in ɗan yi maka shimfiɗa a kan mai gidan da za ka je wa, wato Sherif na gundumar Cook, tunda a ƙarƙashinsa muke zaune, da ƙuri'ar wasunmu ma yake hawa kujerarsa.

Muƙamin Sherif ba shi da takwara a gida. Ba gwamna ke naɗa shi ba, ba kuma daga babban birni ake turo shi ba. Jama'ar gunduma ke zaɓensa duk shekara 4. Gundumar Cook kuwa mutanenta sun haura miliyan 5, gundumar Los Angeles kaɗai ta fi ta jama'a a duk Amurka. 'Yan sandan cikin Shikago ba nasa ba ne, na magajin gari ne. Nasa shi ne tsaron kotuna, kai sammaci, fitar da wanda kotu ta ce ya tashi daga gida, sintiri a yankunan da ba su da 'yan sandan kansu, sai babban nauyin: gidan yarin da ke mahaɗar titi na 26 da titin California, fili mai faɗin eka 96, jikin babbar kotun laifuffuka. Akasarin waɗanda ke ciki masu jiran shari'a ne. Wanda aka yanke wa dogon ɗauri, kurkukun jiha ake wucewa da shi.

Tom Dart ke kan wannan kujera tun ƙarshen 2006. Tsohon lauya mai gabatar da ƙara ne, ya kuma yi ɗan majalisar dokokin jihar Illinois. Mu 'yan haya a watan Oktoban 2008 muka fara sanin sunansa. Lokacin bankuna na ƙwace gidaje saboda bashin jingina, jami'ansa sai su isa gida da takardar kotu su tarar da iyalin da ba su taɓa fashin kuɗin haya ba, ba su ma san mai gidan ya karye ba. Ya ce ya dakatar da wannan kora. Bai koma ba sai da kotu ta yarda a riƙa tabbatar da an sanar da mazauna gida tukuna. Abin bai ɗauki dogon lokaci ba, amma ya nuna irin halin mutumin: yana aiwatar da umarnin kotu, sai dai ba ya yin shiru idan ya ga umarnin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

A gidan yari ma haka ya ɓullo. Gidan da ya gada ba abin alfahari ba ne. A 2008 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta fitar da rahoto mai zafi kan duka da sakacin kula da marasa lafiya, a 2010 aka sabunta sa idon kotun tarayya a kan gidan, sai 2017 aka ɗage wa ofishinsa wannan takunkumi. A tsakiyar haka, cikin 2012, birnin Shikago ya rufe 6 daga cikin asibitocinsa 12 na masu lalurar ƙwaƙwalwa, jiha ma ta rufe nata na Tinley Park. Mutanen ba su ɓace ba. Wanda maganinsa ya yanke ya koma kwana a tashar jirgin ƙasa, ya ɗauki abinci a kanti bai biya ba, ko ya shiga inda aka hana shi shiga, gobe sai ga shi a titin California da ankwa. A ƙiyasin ofishin Sherif, kusan ɗaya cikin uku na tsararrun na fama da wata lalura ta taɓin hankali. Dart ya yi ta faɗa a jaridu da talabijin cewa an mayar masa da gidan yari asibitin mahaukata ba tare da an tambaye shi ba, sa'an nan ya ce tunda haka ne, bari a tafiyar da shi kamar asibitin. A 2015 ya damƙa shugabancin gidan a hannun Dokta Nneka Jones Tapia, wadda ba ganduroba ba ce, likitar halayyar ɗan Adam ce. Aka ƙara wa gandirobobi horo kan yadda ake lallashin mutumin da hankalinsa ya gushe maimakon a danne shi. Ya ce tun 2016 ya daina kulle mutum shi kaɗai a ɗaki dare da rana a matsayin horo.

Ranka ya daɗe, na san za a kai ka lambun da tsararru ke noma kayan miya, da kicin ɗin da wani kuku ɗan asalin Italiya, Bruno Abate, ke koya musu gashin fiza, wataƙila har da masu buga dara irin ta Turawa da ke karawa da fursunonin wasu ƙasashe ta intanet. Za a gaya maka cewa tun Maris na 2020 ake kafa rumfar zaɓe a cikin gidan, domin mai jiran shari'a bai rasa ƙuri'arsa ba. Duk gaskiya ne, kuma suna da kyau a hoto. Amma roƙonmu shi ne ka yi sammako ka tsaya a wurin karɓar sababbin kamu. Nan za ka ga waɗanda aka kwaso daga ofisoshin 'yan sanda cikin dare, an zare musu bel da igiyar takalmi, wani na gyangyaɗi, wani na surutu shi kaɗai. Kafin su ga alƙali ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya: kana shan wani magani? Yaushe rabonka da shi? Ina kake kwana? Ka taɓa tunanin kashe kanka? A wannan ƙofa ake cika wa marar galihu takardar inshorar lafiya ta gwamnati, don ranar da ya fita ya sami inda zai karɓi magani. Wanda ke shan ƙwaya mai ƙarfi kuma, idan zai fita a kan ba shi maganin farfaɗo da wanda ya sha ya wuce kima, ya tafi da shi a aljihu.

Abin da ni a ganina ya fi komai shi ne ƙidaya. Sherif ba shi ke kama yawancin mutanen nan ba, ba shi ke sa beli ba, ba shi ke ɗage shari'a ba. Ajiya kawai ake ba shi. To sai ya riƙa lissafa ajiyar yana shelanta ta. Ofishinsa ya tattara kwanakin da mutane suka yi a tsare fiye da hukuncin da aka zo aka yanke musu, kwanakin da ba mai biyan su, na shekarar 2015 kaɗai suka haura shekara 200. A 2015 ɗin ne kuma aka yi dokar da ya nema, cewa ƙaramar sata a kanti ko shiga wuri ba izini, in ba a gama shari'ar cikin kwana 30 ba a saki mutum ya riƙa zuwa kotu daga gida. A 2017 babban alƙalin gunduma, Timothy Evans, ya umarci alƙalai kada su sa belin da ya fi ƙarfin wanda ake tuhuma. Ranar 18 ga Satumba, 2023, Illinois ta zama jiha ta farko da ta soke belin kuɗi ɗungurungum. Dattawan da ke zaune a nan sun tuna lokacin da ake zagayawa da hula bayan sallar Juma'a, saboda an sa wa yaron wani belin dala 5,000 kuma sai an ajiye kashi 10 cikin ɗari, dala 500, kafin ya kwana a gida. Gidan yarin da ya haura mutum 10,000 a 2013, daga baya ya sauko zuwa wajen rabin haka. Ba aikin Dart shi kaɗai ba ne, amma da bai yi ta ƙara ba da wuya a motsa da wuri haka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Afrilun 2020 wannan gida na cikin wuraren da korona ta fi yaɗuwa a duk Amurka, tsararru da ma'aikata sun mutu, sai da alƙalin tarayya ya ba da umarni kan gwaji da tsafta. A 2023 an yi mace-mace da yawa, wasu ta dalilin takardar da ake jiƙawa da guba a shigo da ita a sha kamar taba, har aka tsaurara shigar da takardu, abin da iyalai da lauyoyi suka koka da shi. Har yanzu akwai masu shekaru suna jiran shari'a. Masu fafutuka a garin nan suna cewa Sherif ya fi iya magana da 'yan jarida a kan gyaran gidansa. Ka saurare su su ma. Mun shirya maka zama da wasu lauyoyi da iyayen tsararru jibi da yamma.

Ba mu manta dalilin zuwanka ba. A zamanin En'e gidajen yari da dama a Arewa suna hannun sarakuna, sai 1968 aka haɗe su ƙarƙashin tarayya. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya sake buɗe wa jihohi ƙofar riƙe nasu, alhali kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya hukunci suke jira. Kuɗin gundumar Cook ba irin namu ba ne, ba kuma muna cewa a kwafo gininta ba. Takardar tambayoyin ƙofar shiga da jadawalin kwanakin kowane tsararre kuwa, biro da rajista sun ishe su. Muna roƙon ka nemi kofensu gobe. Cikinmu akwai nas-nas da ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka yi alkawarin mayar da su Hausa kyauta kafin ka tashi.

Iyaye mata sun yi tuwon shinkafa da miyar taushe, sun ce kada in bari ya huce. Allah ya sa a yi ziyara lafiya, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Ina gayyatar Malam Liman ya yi mana addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, a madadin Hausawa mazauna Shikago da kewaye.