Wa ya riƙa biyan malamin firamare?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau za mu waiwayi zamanin da gwamnatoci suka fara ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa, mu ga daga ina kuɗin ke fitowa, kuma wa ake tsayarwa gaban allo. Duk ƙasar da mutum ya leƙa tarihinta, abu guda yake tararwa: hukuma na son kowane yaro ya iya karatu, amma ba ta son sa hannu a aljihu, kuma idan aka zo rage kashe kuɗi, a kan malam ake ragewa.

Mu fara da Ingila. A 1798 wani mutum mai suna Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a London da wata dabara: malam ɗaya ya koya wa manyan yara darasi, su kuma su zama monita, kowa ya ja nasa rukunin ƙanana ya maimaita musu. Ya ce da haka malam guda zai iya riƙe yara dubu. Masu hannu da shuni suka yi na'am, don kusan ba albashin da za a biya. Ita gwamnati ba ta fitar da ko kwabo ba sai 1833, lokacin da majalisa ta ware fam 20,000, shi ma na gini ne, aka miƙa wa ƙungiyoyin addini biyu. A 1846 aka fito da tsarin ɗalibi malami, inda ɗan shekara 13 zai yi shekara biyar yana koyarwa da rana, ana koya masa bayan an tashi.

Inda nake son mu ɗan tsaya shi ne 1862. A shekarar Robert Lowe, wanda ke kula da ilimi, ya kawo tsarin biya gwargwadon sakamako. Kowane yaro zai iya jawo wa makarantarsu sule 12 a shekara: huɗu don zuwa makaranta, takwas idan ya ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Ya faɗi ɗaya, a zabtare kashi ɗaya cikin uku na takwas ɗin. Lowe bai ɓoye manufarsa ba, ya gaya wa majalisa cewa tsarin in bai yi araha ba zai yi inganci, in kuma bai yi inganci ba zai yi araha. To, arahar kam an samu. Masu makarantu da yawa suka ɗaure albashin malam da wannan kuɗi, ya zama abincin iyalinsa na rataye a bakin yaro ɗan shekara bakwai. Me kuke zaton zai yi? Ya koma hadda zalla, ya watsar da duk darasin da ba ya kawo sule, ranar zuwan sufeto kuwa har yaro mara lafiya akan ɗauko daga gida. Ni dai ban ga laifinsa ba. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar tsarin, amma sai da aka shafe shekara talatin da ɗoriya kafin a rabu da shi.

A Amurka da fili aka fara. Dokar 1785 ta yanka sababbin yankuna gida 36, ta ce gida na 16 na makaranta ne, a ba da haya ko a sayar a riƙe karatu da kuɗin. Sauran kuma harajin gidaje da gonaki ne na mazauna wurin, shi ya sa makarantar yankin masu arziki ta yi wa ta matalauta nisa tun daga tushe. A karkara aji ɗaya ne tal, manya da ƙanana a haɗe, malam kuma ba shi da masauki, gidajen iyayen yara yake zagayawa, mako nan mako can, a lissafa ci da kwanansa cikin ladansa. Da makarantu suka yawaita sai aka karkata ga ɗaukar 'yan mata, ana yabon haƙurinsu da yara, alhali kowa ya san ana biyansu rabin na namiji ko ƙasa da haka. A wurare da dama, ranar da malama ta yi aure ranar aikinta ya ƙare.

Faransa ma ta bi ta wannan hanya. Dokar Guizot ta 1833 ta tilasta wa ƙananan hukumomi buɗe makaranta, su ba malam ɗaki da aƙalla faran 200 a shekara, ragowar ya karɓa hannun iyaye. Kuɗin ba ya kai shi ko'ina, don haka malamin ƙauye kan haɗa da zama magatakardan gari ko mai kaɗa ƙararrawar coci. Jules Ferry ya mai da karatun firamare kyauta a 1881, ya mai da shi dole a 1882. Sai a 1889 gwamnatin tsakiya ta karɓi biyan albashin malamai daga baitulmalinta, ta bar wa ƙananan hukumomi gini da kayan aiki. Daga nan ne albashin malamin ƙauye ya daina dogara da ƙarfin aljihun ƙauyen da aka tura shi.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. A huta lafiya.