Ɗan Sanda Ya Kwana da Motar Sintiri a Ƙofar Gidansa: Riba ko Asara?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Abuja. Ni ce Hadiza, ga Auwal a gefena, ga kuma Baba Sani, wanda ya daɗe yana kula da motocin wata ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya. Baba, barka da zuwa.

Baba Sani: Barka dai 'yata. Auwal, ya gida?

Auwal: Lafiya ƙalau Baba. Yau ni na kawo maganar, don haka bari in shimfiɗa ta. A Amurka akwai garuruwan da ake ba ɗan sanda motar sintiri da sunansa. Ya tashi daga aiki, ba ya mayar da ita caji ofis, gida yake tafiya da ita, ta kwana a ƙofarsa da fentinta da fitilunta da jiniyarta. Birnin Indiyanafolis ya fara haka tun 1969, wasu suka bi. Kuma ba ko'ina ba ne, domin can ba rundunar 'yan sanda ɗaya gare su ba kamar mu. Hukumomin 'yan sanda sun kai wajen 18,000, na birni daban, na gunduma daban, na jiha daban, kowa da tsarinsa.

Hadiza: To me suka ce suna samu a ciki? Ni dai da jin maganar, kashe kuɗi na hango.

Auwal: Ki tsaya Yaya Hadiza. Da farko, ana ganin motar. Unguwar da motar 'yan sanda ke kwana, ɓarawo sai ya yi tunani kafin ya haura katanga. Sannan in abu ya tashi cikin dare, jami'in ba sai ya je ofis ya nemi makulli ba, daga ƙofarsa yake kunna mota ya nufi wurin. A wurare da dama ma doka ce, in yana cikin motar ko ba ya bakin aiki, oba-obarsa a kunne take, in aka yi kiran gaggawa kusa da shi sai ya je. Kuma lokacin canjin aiki, babu wannan tsaiwar da masu shigowa ke yi suna jiran masu fita su dawo da mota, a kwashe kayan wannan a loda na wancan. Kuma sun ce motar ta fi daɗewa.

Baba Sani: A nan zan tsayar da kai, yaro. Wannan maganar daɗewar, akwai gaskiya a ciki, akwai kuma wayo.

Auwal: Wane wayo Baba?

Baba Sani: Motar da mutum uku ke karɓa-karɓa, safe, yamma, dare, injinta ba ya hucewa. Wadda mutum ɗaya ke riƙe da ita, awa takwas ko goma take yi ta huta. To in ta fi waccan shekaru, ai ba abin mamaki ba ne, aikin da ta yi ne kaɗan. Ka sayi mota uku maimakon ɗaya, kowacce ta yi ninki uku na shekaru, me ka ci? Ba ka ci komai ba tukuna. Ribar gaskiya tana wani wuri, tana wurin kulawa.

Hadiza: Ku faɗa mana yadda abin yake a gareji, Baba.

Baba Sani: Yauwa. Motar da ba ta da mai ita, ki duba ta da kyau. Direban safe ya ji birki na ƙara, ya ce na yamma zai faɗa. Na yamma ya ga allurar zafi ta haura, ya zuba ruwan leda biyu a lagireto ya ci gaba. Na dare ya daki kwalbati, ya ajiye ta ta gefen da babu fitila, ya tafi abinsa. Da safe ka tara su ka ce wa ya fasa wannan? Kowa ya rantse a haka ya same ta. Ka zaro sandar baƙin mai, ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin, babu wanda ya san ranar da aka yi juye na ƙarshe. Gyaran da za a yi da kuɗin man juye da filta, sai an kai ga sauke inji. Amma ranar da aka rubuta sunan mutum a jikin fayil ɗin mota, aka ce duk abin da ya same ta kai za a tambaya, wallahi har goge ta zai riƙa yi da kansa. Ku dubi 'yan tasi a garin nan, mai tuƙa tasa da mai kawo balas, ba iri ɗaya suke shiga rami ba.

Auwal: To ai kun goyi bayana ke nan.

Baba Sani: Na goyi bayan rabin maganarka. Akwai kuma abin da ba a lissafawa. Motar 'yan sanda, ko tana tsaye injinta na aiki, saboda rediyo da fitilu da na'urar sanyi. Kamfanin Ford da kansa yana lissafa awa ɗaya ta inji a tsaye daidai da tafiyar mil 33, wajen kilomita 53 ke nan. Saboda haka agogon kilomita ƙarya yake maka. Wanda ke zaune da motar kullum shi ya san wahalar da ta sha.

Hadiza: Ni fa ku dawo da ni gida. Mu nan, ba ma maganar kowane ɗan sanda da motarsa muke ba. Akwai caji ofis ɗin da Hilux ɗaya ce ke tashi, ita ma sai an tura. An taɓa fasa shagon maƙwabciyata da asuba, muka je wani ofis, ba zan kama suna ba. Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya rubuta komai, sannan ya sunkuyar da kai ya ce Hajiya, mota na nan amma babu mai. Muka haɗa kuɗi muka sa mai, sannan aka je aka duba shagon. Ban ma ji haushinsa ba, kunya na ga ta kama shi. To a wannan hali za a ce a saya wa kowa mota?

Auwal: Ban ce kowa ba.

Hadiza: Adadin 'yan sandanmu da ake yawan ambata bai kai 400,000 ba. Ko kashi ɗaya cikin goma ka ɗauka, motoci dubu nawa ke nan? Kuma wa zai sa mai? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya har ta taɓa wuce 1,000.

Baba Sani: Bari in ɗora miki lissafi a kai. A ina kurtu da saje ke kwana a Abuja? Wanda bai sami ɗaki a bariki ba, ba Maitama yake ba, ba Asokoro ba. Yana Mararaba, Masaka, Kubwa, Zuba, Gwagwalada, wani ma Suleja. Mu ƙaddara kilomita 40 zuwa, 40 dawowa. Mu ƙaddara motar na shan lita ɗaya a kilomita takwas, ban sa cunkoson Nyanya zuwa AYA a ciki ba. Lita goma ke nan kullum. In lita naira 1,000 ce, naira 10,000 a rana. A kwanakin aiki 22, naira 220,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wato zuwa da komowa kawai, ba a yi sintiri ko na taku ɗaya ba, ya ci albashin mutum uku.

Auwal: Amma Baba, wannan tafiyar ma ai sintiri ce. Motar 'yan sanda a kan titin Kubwa ƙarfe biyar na asuba, lokacin da 'yan wan-cans, masu fashi da sunan tasi, ke ɗaukar mutane, ba banza ba ce.

Baba Sani: Wannan na yarda. Amma Mararaba jihar Nasarawa ce, Suleja jihar Neja ce. Rundunar ɗaya ce ta tarayya, haka tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 214, amma kowace jiha da kwamishinanta. Motar da aka saya don Abuja ta kwana a Masaka, in aka yi fashi a Wuse ƙarfe biyu na dare, tana ina?

Auwal: Su ma can sun gamu da wannan. Shi ya sa da yawa suka sa sharaɗi, sai kana zaune cikin gundumar ko cikin wata tazara da aka yanka. Wasu kuma in ka fi son zama nesa, a riƙa cire maka wani abu a albashi.

Hadiza: To in aka sa wannan sharaɗin a Abuja, manya kaɗai za su cancanta, su kuwa da ma suna da motoci da direbobi.

Auwal: (dariya) Nan kam kin kama ni.

Hadiza: Akwai abin da ya fi damuna fiye da kuɗi. Kai kana cewa ɓarawo zai ga mota ya ji tsoro. Ni kuma ina cewa zai ga mota ya san gidan. Matar ɗan sanda da 'ya'yansa suna ciki, shi yana wurin aiki ko yana barci. Mun ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, yadda aka ƙona ofisoshi da motocin 'yan sanda a Legas da wasu jihohi. Akwai jami'an da ke sa kayan gida su fito, sai sun isa ofis su sa kaki. Irin wannan mutum za ka ce ya ajiye mota mai tambari a ƙofar gidan haya, gidan da ba shi da ko katanga?

Baba Sani: Mai gidan ma zai ba shi notis.

Hadiza: Sannan a faɗi gaskiya, akwai masu halin ɓera a cikinsu, kamar kowane aiki. Mota na hannunsa dare da rana, babu mai ganinsa. Gobe ka gan ta ta ɗauko buhunan masara daga ƙauye, jibi tana rakiyar amarya da jiniya, gata an gindaya ta a wani lungu an kafa shingen da babu wanda ya ba da umarninsa, ana karɓar na goro.

Baba Sani: Wannan ba sabon abu ba ne. Ai shi ya sa gwamnatin Obasanjo a 2003 ta fito da tsarin mayar da alawus kuɗi. Aka ce maimakon gwamnati ta riƙa saya wa ma'aikaci mota da mai da direba, a ba shi kuɗinsa ya ji da kansa. Motocin ofis da yawa gwanjonsu aka yi. Dalili kuwa, motar gwamnati ta koma ta kai yara makaranta da kai uwargida kasuwa.

Auwal: To amma yanzu akwai na'urar bin diddigi. A liƙa ta a mota, wanda ke ofis yana ganin inda take a kwamfuta, da gudun da take yi, da awa nawa ta yi a kunne. A 2003 wannan na'urar ba ta yaɗu ba.

Baba Sani: Na'ura na aiki in akwai mai duba ta, kuma in wanda ya cire mata waya zai sha hukunci. Na ga inda aka sa, wata biyu aka daina biyan kuɗin intanet ɗinta.

Hadiza: Kuɗin sayen motoci dai ba a ce babu ba. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da dokar 2019, wadda ta ware masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya. Legas ta kafa nata asusun tsaro tun 2007. Gwamnoni kuma kullum muna ganinsu a talabijin, an jera sababbin motoci an ɗaura musu ribon ana miƙa makullai.

Baba Sani: Ranar miƙa makulli kowa na nan da babbar riga. Ki koma bayan shekara biyu ki leƙa bayan ofis, za ki same su a kan duwatsu, an cire tayar wannan an sa wa waccan, batir ya yi ƙafa. Duk wanda ya ba da mota bai ba da kuɗin mai da juye da taya na shekara biyar ba, hoto kawai ya zo ɗauka.

Auwal: To Baba, in ku aka ba wuƙa da nama, me za ku yi?

Baba Sani: Zan raba maganar biyu. Sunan mutum a kan mota, wannan gobe ma a fara, ba ya cin ko kwabo. Kowace mota a ɗaura ta a wuyan direbobi biyu ko uku sanannu, da littafi a cikinta: wa ya karɓa, ƙarfe nawa, kilomita nawa, mai nawa. Na shigowa ya zagaya ta gaban na fita kafin ya sa hannu. Kwana da ita a gida kuwa, sai ga wanda ake tasa cikin dare: DPO, masu binciken kisa da garkuwa da mutane, masu kwance bam. Su ma sai in a bariki suke ko gida mai ƙofar shiga da mota, kuma cikin Abuja.

Auwal: Ni zan ƙara da unguwannin gefe. A ɗauki wurare kaɗan, a ce Kubwa da Karu, a ba wasu jami'an da ke zaune a can, waɗanda suka yarda da kansu, a gwada shekara guda. A ƙirga man da aka sha, da minti nawa ake ɗauka kafin a iso in an kira lambar gaggawa ta 112, a gwada da inda ba a yi ba.

Hadiza: Kuma a tambayi matansu kafin a ba su makulli.

Baba Sani: A tambaye su. Amma kafin gwajin naka, Auwal, a fara zuba wa Hilux ɗin da ke tsaye a caji ofis mai.

Hadiza: Lokaci ya cinye mu. Masu sauraro, musamman jami'ai da iyalansu, ku turo mana saƙo, za ku karɓi motar ko ba za ku karɓa ba? Za mu karanta a shiri na gaba. Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Auwal, sai wani makon.