Kwasa-kwasan GST: Me Ya Haɗa Ɗalibin Injiniya da Falsafa?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Bayanin yau na sababbin ɗaliban jami'a ne, da waɗanda suka riga suka yi nisa, da kuma iyayen da ke biyan kuɗin rijista.

Duk wanda ya ciro takardar rijistar kwasa-kwasansa ta aji ɗaya, zai tarar da darussan da ba su ya nema a JAMB ba. Yarinya ta zo karantar harhaɗa magunguna, sai ga ta a ajin al'adun ƙabilun Nijeriya. Yaro ya zo injiniya, shekara ta zagayo a ce masa ya shiga ajin falsafa. Waɗannan su ne kwasa-kwasan ilimin bai-ɗaya, waɗanda aka fi sani da GST. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an daɗe ana ce musu GENS, a Jami'ar Bayero ta Kano kuwa GSP. Suna ne kawai ya bambanta. Hukuncinsu ɗaya ne ko'ina: wanda bai ci su ba, ba shi da digiri, ko da kuwa shi ne zakaran sashensu.

To daga ina abin ya samo asali? Jami'ar farko a ƙasar nan, wato ta Ibadan, an buɗe ta a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma tsarin Ingila ta bi: ka zaɓi fanni ɗaya, ka nutse a cikinsa har ka fita. Da aka buɗe Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1960, bisa jagorancin Dakta Nnamdi Azikiwe, sai ta ɗauki wata hanya daban. Ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, kuma a can Amurka al'ada ce ɗalibi ya ɗanɗani kimiyya da tarihi da adabi kafin ya tsaya a kan fanninsa. Nsukka ce ta fara wajabta irin waɗannan darussa a Nijeriya. Daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda aka kafa a 1962, ta samu ikon gindaya mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta koyar ta hanyar wata dokar soja ta 1985, ta fitar da ƙa'idojinta na farko a 1989. Tun daga nan GST ya zama dole a kan kowa. Wani sabon kundi ya fito a 2007, kuma a wajejen wannan lokacin ne aka cusa darasin sana'a da dogaro da kai, saboda yawan masu digirin da ke yawo da takardu ba aikin yi.

Tsarin da ake kai yanzu sunansa CCMAS, wato sabon kundin manhajar jami'o'i na NUC. An ƙaddamar da shi a watan Disamba na 2022, lokacin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, yake riƙe da NUC, aka kuma umarci jami'o'i su fara aiki da shi daga shekarar karatu ta 2023/2024. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na manhajar kowane fanni, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi tir da wannan rabo, ta ce tsara manhaja haƙƙin majalisar kowace jami'a ne, ba na ofis a Abuja ba. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne an zaftare GST sosai, daga yunit 36 zuwa yunit 12 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), aka tattara shi a kwas shida, kowanne yunit biyu.

Ga su nan. A aji ɗaya akwai GST 111, sadarwa da harshen Ingilishi, da GST 112, al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. A aji biyu akwai ENT 211, dabarun kasuwanci da ƙirƙira, da GST 212, falsafa da manɗiƙi da rayuwar ɗan'adam. A aji uku sai GST 312, zaman lafiya da sasanta rikici, da ENT 312, yadda ake kafa sana'a. In kana cikin waɗanda suka shiga kafin sabon tsarin, lambobin da ke takardarka za su iya bambanta da waɗannan, domin yawanci kowane rukuni na ƙarasawa ne da manhajar da ya fara da ita.

Yunit kuwa ma'aunin nauyin kwas ne. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a kowane mako har tsawon mako 15 na zango. Digirin shekara huɗu na buƙatar aƙalla yunit 120. Ke nan GST kashi ɗaya ne cikin goma na dukan karatun.

Wannan ƙanƙantar ce ke yaudarar ɗalibai. Sai ka ji ana cewa ai GST ne, ana gobe jarrabawa ma a karanta. Raina kama ka ga gayya. Bari mu yi lissafi tare. A ma'aunin maki biyar, wanda ya samu 70 zuwa sama yana da A, maki 5. B maki 4, C maki 3, D maki 2, E maki 1, wanda ya gaza kai 40 kuwa F ce, ba ko ɗaya. Mu ɗauka ɗalibi ya yi rijistar yunit 20 a zango, 18 na sashensu, biyu na GST. Ya dage ya ci B a duk kwasa-kwasan sashen, 18 sau 4, ya tara 72. In ya ci A a GST, an ƙara masa 10, ya zama 82, a raba da 20, GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na zangon, 4.10. In kuwa ya faɗi, 72 ɗin nan za a raba da 20, ya dawo 3.60. Rabin maki cur ya tafi a kan kwas ɗin da bai ɗauka da muhimmanci ba. Ku tuna digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Wanda ke bakin iyaka, kwas ɗaya na GST ya isa ya sauko da shi.

Kuma ba a nan wahalar ta tsaya ba. Faɗuwa na nufin kari-oba, wato sake ɗaukar kwas ɗin a shekara ta gaba, kuma a yawancin jami'o'i ko ka dawo ka ci, tsohuwar F ɗin tana nan cikin lissafin CGPA, wato matsakaicin makinka na dukan zangunan da ka yi. Ga kuma karon lokaci: lakcar GST ta 'yan aji ɗaya tana iya faɗawa daidai lokacin babban kwas ɗinka na aji biyu. Wanda ya ja shi har shekarar ƙarshe bai ci ba, abokansa za su tafi bautar ƙasa su bar shi yana jiran shekara ta zagayo saboda yunit biyu.

Yanzu mu zo kan tambayar da ta fi lissafi muhimmanci. Shin darussan nan suna da amfani, ko dai ɓata lokaci ne?

A ganina manufar tana da kyau, kuma wanda ya fi kowanne daraja a cikin shidan shi ne wanda aka fi gudu, wato falsafa da manɗiƙi. Akwai ɗaliban da ke shiga ajin da ɗar-ɗar, suna jin za a taɓa musu aƙida. Alhali mafi yawan abin da ke ciki koyon auna magana ne: mece ce hujja, yaushe sakamako ke biyo bayan dalilan da aka kawo, yaushe ne mai magana ya bar batun ya koma sukar mutum, yaushe ne aka ɗauki misali ɗaya aka yanke wa al'umma guda hukunci. Duk mai buɗe WhatsApp da Facebook kullum ya san yawan irin waɗannan kurakurai da ke yawo a matsayin hujja. Kuma fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ilimin manɗiƙi tsohon darasi ne a zaurukan malamanmu. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kansa, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar yana kare halaccin karanta shi. Ɗalibin da ya san wannan, zai zauna a ajin GST 212 da natsuwa.

Na Ingilishin ma ba abin wasa ba ne, musamman gare mu da muka taso da Hausa a gida da kasuwa. Akwai injiniyan da ya iya aikinsa sarai, amma rubuta rahoton shafi biyu ya gagare shi, sai wanda bai kai shi ƙwarewa ba ya karɓe kwangilar. Kwas ɗin yunit biyu ba zai gyara abin da firamare da sakandare suka bari ba, gaskiya ke nan, amma zai nuna maka inda raminka yake tun kana da shekara uku a gabanka.

Darasin al'ummomin Nijeriya da na zaman lafiya, dalilinsu a bayyane yake ga ƙasar da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, ta kuma yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Tunanin da ya haifar da bautar ƙasa a 1973, shi ne dai a nan. Na kasuwancin kuwa ya dogara kacokan ga jami'ar. Inda akwai cibiyar koyon sana'a mai kayan aiki, ana fita da abin yi a hannu. Inda babu, haddar ma'anar kalmomi ce kawai.

Inda nake da ja shi ne yadda ake koyarwar. Tun da kowa da kowa ne ke ɗaukar kwas ɗin, sai a tara ɗalibai ɗaruruwa a babban ɗakin lakca, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, na baya ba ya jin malami in lasifika ta ƙi. Tun da ba mai iya duba takardu masu yawa haka, sai a mai da jarrabawar ta kwamfuta, ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu. A ce darasin da aka ƙirƙiro don koya wa mutum rubutu da kafa hujja, a gwada shi ba tare da ya rubuta jimla ɗaya ba. Dole ɗalibi ya koma haddar tambayoyin shekarun baya. Sannan zaftarewar da aka yi ta tafi da abubuwan da nake ganin asara ce, kamar darasin amfani da laburare da na tarihin kimiyya, waɗanda a tsohon tsari suke tsaye da ƙafarsu. Jami'a na iya dawo da su cikin kashi 30 ɗinta, in ta ga dama.

Ga masu shigowa aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma, ku kula: jami'o'i da dama na buƙatar ku ɗauki GST na aji ɗaya tare da naku. Ku tambayi malamin da ke kula da ajinku tun makon rijista, kada ku dogara da abin da wani ɗalibi ya ce. Ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a zauna jarrabawa ta shafi GST kamar kowane kwas, haka ma gwajin tsakiyar zango, wanda ke ɗauke da maki 30 zuwa 40.

Abu na ƙarshe, sakamakon GST ba daga sashenku yake fitowa ba. Wani sashe ne daban ke shirya jarrabawar ya aiko da makin, kuma a wannan hanyar ne lambar ɗalibi kan ɓace ko a rubuta ta ba daidai ba. Duk zangon da kuka rubuta, ku duba da idonku cewa makin ya shiga. In bai shiga ba, ku rubuta takardar ƙorafi ta hannun shugaban sashenku a wannan zangon, ku ajiye kwafinta tare da takardar rijistar kwas da katin jarrabawa.