Kyautar talla da ke zama a hannun kwastoma: yadda ake zaɓa, a buga, a raba a Legas

[Hoto: bakin titi a Agege da sassafe, masu shayi da masu POS suna shirya kaya]

Assalamu alaikum, 'yan kasuwa. Maganarmu ta yau a kan kayan da ake buga wa sunan shago a raba kyauta ce: biro, kalanda, laima, jaka, riga, hular hana-salla. Kafin ku kai kafin alƙalami Shomolu, unguwar masu ɗab'i ta Legas, ku fara amsa tambaya guda: kwana nawa abin nan zai yi a hannun wanda aka ba, kuma idon mutum nawa zai sauka a kansa?

A ce kuɗin da kuka ware zai buga takardar talla 2,000, ko ya sayi manyan laimomi 10. Takardar da aka miƙa wa mai sauri a Oshodi, kafin ya haye gada ta faɗa kwata. Laimar da kuka kafa wa mai POS a bakin tasha kuwa tana nan tsaye tun safe har bayan isha'i, rana da ruwa, wata da watanni, sunanku da lambarku suna kallon duk mai wucewa. Saboda haka kada ku tsaya kan farashin guda ɗaya. Ku raba kuɗin da yawan kwanakin da abin zai yi yana aiki, nan ne mai arahar gaske yake bayyana.

[Hoto: Kasuwar Mile 12, kwandunan tumatir da buhunan albasa]

Wa za a ba? Nan ake yawan kuskure. Mai shago yakan zaɓi abin da ya burge shi, alhali ba shi zai riƙe ba. Dillalin gwari a Mile 12 yana buƙatar ƙaramin littafin rubuta bashi mai bango mai kauri wanda zai shiga aljihun gaba, da biron da ba ya ƙin rubutu in takarda ta yi laushi. Mai shayi da mai tsire, rigar gaba irin ta masu girki za ku ba su, mai aljihu biyu, launi mai duhu don ɓoye maiƙo, kuma duk wanda ya zauna a bencinsu sai ya karanta abin da ke ƙirjinsu. Direban Keke yana son sitika mai kyau da maƙalin makulli. Hajiyar da ke sarin atamfa a Balogun, jaka mai ƙarfi ta fi mata komai. A wajen biki kuma, mafici da bokiti da faranti su ne ake komawa da su gida, al'adar da maƙwabtanmu Yarabawa suka daɗe da ƙwarewa a kanta.

Batun jaka yana buƙatar a dakata. Gwamnatin Legas ta haramta mazubin abinci na soso a Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da dokar hana robobin da ake amfani da su sau ɗaya, har da leda mai kaurin da bai kai maikiron 40 ba. Wannan ya sa jakar da ake maimaita amfani da ita ta ƙara daraja. Wadda aka fi yi ita ce mai kama da ƙyalle, da masu ɗab'i ke kira non-woven. Ku tambayi nauyinta: giram 80 zuwa 100 a kowace murabba'in mita shi ne mai ɗaukar cefane. Abin da ya gaza haka yakan yage a cefanen farko. Ku kuma duba hannun jakar. Wanda aka manna da zafi yana ɓallewa, wanda aka ɗinke da zare aka gicciye ɗinkin shi ke jure nauyin doya.

[Hoto: injinan ɗab'i a Shomolu]

Yanzu hanyar bugawa. Kowane kaya da irin bugun da ya dace da shi.

Bugun sikirin, wato matsa tawada ta cikin raga ta sauka a kan kaya, shi ne na riga da jaka masu yawa. Kowane launi da ragarsa daban, don haka tambari mai launi huɗu raga huɗu ke nan da aiki sau huɗu. Ku rage zuwa launi ɗaya ko biyu, kuɗi zai sauka, rubutu ya fi fitowa. Irin wannan bugu ba ya riba sai kaya sun kai kamar 50 zuwa sama, domin kuɗin haɗa raga ɗaya ne ko guda 10 za a buga ko 500. Tawadar roba da ake sa wa riga tana son zafi wajen digiri 160 kafin ta kama. In an yi gaggawa ba ta gasu ba, wanki biyu sai ta fara tsagewa tana ɓarewa. Gwajin mai sauƙi ne: ku ja wurin rubutun da hannu biyu, in ya dare kamar busasshen fenti, ba a gasa ba.

In riguna kaɗan ne, ko tambarin yana da hoto da launuka da yawa, a yi DTF, wato a buga a kan fim a manna da injin zafi. Akwai kuma sabilimeshan, wanda tawadarsa ke shiga cikin zaren. Wannan sai a kan yadin roba fari ko mai haske. A kan auduga zalla yana koɗewa, a kan baƙi ba ya fitowa sam. Kofin shayi ma sai wanda aka shafe musamman don wannan bugu. Hula kuwa surfanin inji ya fi mata, amma harafin da tsayinsa bai kai milimita 5 ba yana cushewa ya zama dunƙulen zare. Rigar kanta, auduga mai giram 160 zuwa 180 a kowace murabba'in mita ce mutum zai sa ya fita da ita. Mai shara-shara tsumman goge mota take komawa da sunanku a jiki.

[Hoto: allon kwamfuta, ana buɗe tambari]

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne fayil. Kada ku tura tambari a matsayin hoto ta WhatsApp, domin yana matse shi, in an faɗaɗa sai ya dusashe. Ku nemi ainihin fayil ɗin CorelDRAW ko PDF daga wanda ya zana muku, ku tura shi a matsayin takarda, wato Document. Ku ce a mayar da haruffan su zama zane kafin a tura. In ba haka ba, kwamfutar mai ɗab'i da ba ta da irin harafinku za ta musanya shi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ne na farko da ke komawa akwati ko alamar tambaya. Mai injin sau da yawa ba ya jin Hausa, ba zai lura ba. Launin da ke walƙiya a waya ma ba shi ke sauka a takarda ba, musamman kore da shuɗi masu haske, don haka sai an ga samfur da ido.

Me za a rubuta? Suna, abin da kuke sayarwa cikin kalma uku ko huɗu, da lambar waya ɗaya. Guda ɗaya, manya-manya, a raba lambobin 11 kashi uku don sauƙin karantawa. Mutum biyu su karanta ta da ƙarfi, sannan a kira ta daga jikin samfurin. In za ku sa lambar QR, kada ta gaza santimita 2 kowane gefe, kuma a gwada ta da waya mai araha.

Kalanda da jadawalin azumi suna da farin jini a masallatan Agege da Idi-Araba, domin ana manna su a bango. Amma lokutan sallar Legas za a sa, daga limamin unguwa. Kwafo jadawalin Kano kuskure ne babba, tunda faɗuwar rana ta bambanta, kuma kuskure a lokacin buɗe-baki ba ƙaramin abu ba ne. Sannan don Allah kada a buga aya ko sunan Allah a kan buta, leda, ko duk abin da zai shiga bayi ko a jefar.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Daga Nuwamba zuwa Disamba Shomolu cike take, haka lokacin kamfen, farashi ya hau, aiki ya yi jinkiri. Kalanda a ba da aikin buga ta tun Oktoba. Laima da rigar ruwa a watan Maris, kafin ruwan Afrilu zuwa Yuli. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, a duba tun da wuri.

Wajen rabo, kada a tsaya a bakin titi ana miƙa wa kowa. Ku ɗaura kyautar a kan ciniki, kamar gyaran da mai awo ke ƙarawa: wanda ya sayi katan biyar ya tafi da jaka, wanda ya kawo sabon kwastoma ya samu laima. Ku ware layin waya guda don kayan talla kaɗai, yawan kiran da ya shigo ta nan shi zai nuna muku abin da ya yi aiki. Allon talla a waje da motar da aka lulluɓe da suna suna ƙarƙashin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta jihar Legas, sai da izininta. Ruwan sha ko abin ci da za ku manna wa sunanku, ku tabbatar yana da lambar NAFDAC da kwanan watan lalacewa.

[Hoto: ana buɗe katan ana ƙirga riguna]

Ranar karɓar kaya, kada ku biya ciko sai kun buɗe katan a gaban mai aikin. Ku ƙirga, ku zaro daga sama da tsakiya da ƙasa ku gwada da samfurin da kuka sa wa hannu. Biro a rubuta da guda 20 daga wurare daban-daban, laima a buɗe a rufe a duba haƙarƙarinta. Ku rubuta tun a rasit ɗin farko cewa duk wanda ya fito da aibi za a sake shi kyauta, da ranar da za a kawo.