Janar Sikorski da tambayar da ya yi wa Stalin

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa ƙasar Polan ne, kan sojan da ya riƙe kujerar firaminista har sau biyu, Janar Wladyslaw Sikorski.

An haife shi a 1881, lokacin da babu ƙasa mai suna Polan a taswira, domin Rasha da Jamus da Ostiriya sun yi watanda da ita. Aikin injiniyan hanyoyi da gadoji ya karanta, amma a fagen daga tauraruwarsa ta haska, a 1920, da ya jagoranci runduna ta biyar a yaƙin da ya hana sojojin Sobiyet cin birnin Warsaw. A Disambar 1922 aka harbe shugaban ƙasar, Narutowicz, kwana biyar kacal da rantsar da shi, sai aka miƙa wa Sikorski gwamnati, ya riƙe ta wata biyar har ƙura ta lafa. Bayan juyin mulkin da babban hafsan soja Pilsudski ya yi a 1926 aka mai da shi saniyar ware. Ko da Jamus ta far wa ƙasarsa a Satumbar 1939, ya nemi a ba shi runduna, aka hana shi. Ya bi ta Romaniya zuwa Faransa, inda ya zama firaministan gwamnatin gudun hijira, daga baya ya koma Landan.

Ku tuna, ita ma Tarayyar Sobiyet ta mamaye gabashin Polan a wannan wata, ta kwashe dubban ɗaruruwan mutane zuwa Saberiya da Kazakistan. Da Hitila ya juyo kan Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a 1941, Sikorski ya danne zuciyarsa ya ƙulla yarjejeniya da Mosko ranar 30 ga Yuli. Ministocinsa uku suka ajiye aiki, saboda takardar ba ta tabbatar da iyakar ƙasar ta gabas ba. Ni dai a ganina ya yi daidai. Albarkacin wannan sa hannu aka buɗe ƙofofin sansanonin da Sobiyet ta tsare 'yan Polan, mutum fiye da dubu 100, sojojin Polan ƙarƙashin Janar Anders da mata da yara ƙanana a rame, suka fice zuwa Iran a 1942.

Sai dai akwai dubban hafsoshin Polan da Sobiyet ta kama a 1939, waɗanda aka neme su sama da ƙasa aka rasa. A Disambar 1941 Sikorski ya zauna da Stalin a fadar Kremlin, ya tambaye shi ido da ido ina mutanen nan suke. Stalin ya ce wataƙila sun tsere zuwa Mancuriya, can arewa maso gabashin Sin. Amsar gaskiya ta fito a Afrilun 1943, da Jamusawa suka tono manyan kaburbura a dajin Katyn da ke yammacin Rasha: gawawwaki cikin kakinsu, harsashi a ƙeya, wasiƙun iyalansu a aljihu. Kimanin mutum dubu 22 aka kashe a can da wasu wuraren a 1940. Birtaniya na buƙatar Stalin a yaƙi, ta so a rufe maganar. Gwamnatin Sikorski ta nemi ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi bincike, shi kuwa Stalin ya yanke hulɗa da ita nan take. Wane shugaba ne za a nuna masa kabarin hafsoshinsa ya kama bakinsa?

Bai ƙara wata uku a duniya ba. Daren 4 ga Yulin 1943, yana dawowa daga duba dakarunsa a Gabas ta Tsakiya, jirginsa ya faɗa teku a Jibralta daƙiƙoƙi kaɗan da tashi. Matuƙin ne kaɗai ya tsira, gawar 'yarsa Zofia kuwa ba a taɓa ganinta ba. Har yau ana raɗe-raɗin maƙarƙashiya, ko da yake binciken gawarsa a 2008 ya nuna raunukan haɗarin ne suka kashe shi.

Sai a 1990 Mosko ta amsa cewa ita ta yi kisan Katyn. Shekara uku bayan haka aka ɗauko ƙasusuwan Sikorski daga maƙabartar Newark a Ingila, aka binne shi a majami'ar Wawel da ke Krakow, inda sarakunan Polan suke kwance.