Malamar da ta bar aji ta zama matar uba a garin 'yan Menonait

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau karkarar Lankasta za mu leƙa, a jihar Fensilbaniya ta Amurka, wajen wasu Kiristoci da ake ce wa 'yan Menonait. Wata irin mace nake so ku sani a cikinsu, malamar makarantar da ta daɗe ba ta yi aure ba, sai can daga baya ta auri wanda matarsa ta rasu ta bar masa yara.

To su waye su tukuna? Abin ya faro ne a birnin Zurik na Siwizalan a 1525, wasu suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba sai ya girma ya zaɓa da bakinsa, kuma su ba ruwansu da ɗaukar makami. An kashe da yawansu kan haka, wasu ma a kogi aka nutsar da su. Sunan kuma daga Menno Simons ne, wani fada ɗan Holan da ya bar cocin Katolika a 1536, sai a 1683 na farkonsu suka sauka Fensilbaniya. In kun san cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ta fara a Garkida a 1923, to dangin juna ne a aƙida duk da ba coci ɗaya ba ce.

Yau da yawansu suna tuƙa mota suna zuwa jami'a kamar kowa, amma akwai masu riƙe da tsohon tsari, su keken doki suke hawa, taraktarsu ma tayar ƙarfe gare ta don kar wani ya mai da ita motar yawo. Cikin waɗannan malamarmu take.

Makarantar ɗaki ɗaya ce tal, aji 1 zuwa aji 8 duk a ciki, yara wajen talatin. Ita kanta malamar a aji 8 ta tsaya, domin nan ne iyakar bokonsu, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irin wannan tsari a 1972 a shari'ar da wasu iyaye 'yan Amish, wata ɗariƙa mai kama da tasu, suka yi nasara. Tana iya fara koyarwa tun ba ta kai ashirin ba. Lokacin hunturu ita ke riga kowa zuwa ta hura murhu, ta rubuta aikin kowane aji a allo, yara su shigo da hulunansu da kwanukan abinci, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a, a rera waƙa da baki kawai ba kiɗa. 'Yan aji 1 wasunsu ko Turanci ba sa ji sosai, wani karin Jamusanci suke yi a gida, ita za ta koya musu tana kuma sa ido kan 'yan aji 7 da ke fama da lissafi a baya. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, iyayen yara ne ke haɗawa. Kanta da 'yar farar hula kullum, saboda ayar 1 Korintiyawa sura 11 da ke maganar mace ta rufe kai in za ta yi addu'a.

Yawancin malamai shekara biyu uku suke yi aure ya zo su tafi. Ita wannan ta zauna, shekara goma sha, ashirin, har 'ya'yan ɗalibanta na farko suka zo gabanta.

Sai wata rana wasiƙa ta iso. Ku lura fa, wajensu babu kishiya kuma babu saki a sake aure, to matar uba ba ta shigowa gida sai ta hanyar mutuwa. Mutumin nan yana da gona, da shanun tatsa, da yara bakwai ko takwas, ƙaraminsu wataƙila bai daɗe da fara tafiya ba. Zai rubuto ya nemi ta, ita kuma ta yi ta addu'a ta nemi shawarar iyayenta. In ta amsa to ta bar aji ke nan, don a tsarinsu matar aure aikinta yana gida.

Nan ne ni abin yake taɓa ni. Mutane za su ce ai ta saba da yara, mai sauƙi ne. Ina! A makaranta da yamma kowa ya kama hanyar gidansu, a nan kuwa ba tashi. Ta shiga kicin ɗin wata, tukwanen marigayiya ne, bargunan da marigayiya ta ɗinka da hannunta su ne a kan gadajen yara, ga babbar 'yar gidan mai shekara sha biyar wadda tun rasuwar ita ke girki da wanki, yanzu an ce ta matsa wata ta zo. Wani yaron zai ce mata Mama tun makon farko, wani sai ya shekara bakinsa bai iya furtawa ba, kuma masu hankali cikinsu ba sa tilastawa. A wasu gidajen ko hoton uwar babu tunda ba sa son ɗaukar hoto, to ita wadda ta gaji ɗakin ita ce za ta riƙa tambayar dangin marigayiya labarinta tana gaya wa ƙananan, ta kuma kai su ziyara gidan kakanninsu na wajen uwa ta zauna cikinsu. Wannan aiki ne da ba kowace zuciya ke iyawa ba, kuma ni a ganina ya fi koyarwar nauyi nesa ba kusa ba.

Addininta ma bai bar mata wajen ɓuya ba. Sau biyu a shekara kafin a ci jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da ake ci a coci don tunawa da Yesu, ana tambayar kowane ɗan coci ko yana zaman lafiya da Allah da mutane. To in jiya ita da 'yar mijinta sun yi musayar magana, dole ta je ta gyara kafin ta iya amsawa da gaskiya, ko da ita ce mai gaskiya a rigimar.

Wasu suna haihuwar nasu, wasu shekaru sun riga sun ja. In tsufa ya zo gonar takan koma hannun ɗaya daga cikin yaran, ita da maigidan su koma wani ɗan ƙaramin sashe da ake ginawa jikin babban gidan. Tunda irin waɗannan ba su cika kai tsofaffinsu gidan kula da tsofaffi ba, yaran da ta rena ne ke karɓa-karɓar jinyarta har ƙarshe.