Sunan adireshi da abin da za a san ka da shi

Hauwa: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ga Malam Isa, ga Nura. Mu shiga kai tsaye, don saƙonnin makon nan kusan duk tambaya ɗaya ce: wane suna zan sa wa shafina na intanet, kuma idan wani ya riga ni kama adireshin sunan mai ƙarewa da .com, yaya zan yi?

Nura: Yaya Hauwa, ko a cikin abokaina zancen ke nan. Akwai wanda ya daɗe yana juya sunaye, har yau bai rubuta ko layi ɗaya ba.

Hauwa: Ai nan gizo ke saƙar. Kafin a zo kan suna, da me za a san ka? Idan wani zai ba abokinsa labarinka, me zai ce? "Je wurin wance, ita ce mai bayanin gyaran waya." Magana ta ƙare. Amma in sai ya ce tana ɗan taɓa wasanni, tana ɗan taɓa lafiya, wani lokacin siyasa, to ba zai tura kowa ba.

Isa: Malama Hauwa, bari in tsaya wa masu taɓa komai. Mutum yana da sha'awa iri-iri. Don me za a ce ya ɗaure kansa a turke ɗaya?

Hauwa: Ba a hana shi sha'awarsa ba, Malam. Mai karatu ne ba ya iya riƙe shi da abu biyar. Dubi Instagram. Asalinta wata manhaja ce mai suna Burbn, tana sanar da inda kake, tana tsara haɗuwa da abokai, tana ba da maki, tana ɗora hoto. Masu ita, Kevin Systrom da Mike Krieger, suka lura hoton kawai mutane ke so, suka yanke sauran duka, suka fito da ita a Oktoban 2010. Amazon kuwa da ta buɗe a 1995 littattafai kaɗai take sayarwa.

Isa: To ai kin ba ni hujja. Yanzu me Amazon ba ta sayarwa?

Hauwa: Madalla, ka kawo ni inda nake so. Ta faɗaɗa bayan an san ta, kuma sunanta bai tare mata hanya ba. Da Jeff Bezos, wanda ya kafa ta, ya sa mata suna mai ɗauke da kalmar littafi, da ranar da ta fara sayar da takalmi sunan ya zama ƙarya. Shi ya sa nake cewa abin da kake rubutawa ya zama tsukakke, sunan kuma ya bar maka filin girma. Yawancin mutane juyawa suke yi, su zaɓi suna mai ƙunci, sannan su cika shafin da tarkace.

Nura: Ba Amazon ɗin ce aka fara kira Cadabra ba?

Hauwa: Ita ce, a 1994. Lauyan Bezos ya ji sunan kamar kalmar Turanci mai nufin gawa.

Nura: Subhanallahi! A ce ka buɗe kasuwanci, ana tambaya ina ka sayo, a ce wurin gawa.

Isa: Kuma a ce kayan sun iso lafiya.

Nura: Wa zai buɗe kwalin?

Hauwa: Ku tsaya, ku tsaya. Amma gwajin ke nan, kuma shi ne na fi yarda da shi. Kira wani a waya, faɗa masa adireshin sau ɗaya, ka ce ya rubuta ya turo maka. In ya rubuta daidai, sunan ya ci jarrabawa. In sai ka ce masa akwai karan ɗori a tsakiya, ko ka ce biyun lamba ce ba haruffa ba, to duk wanda zai ji sunan nan gaba sai ya yi wannan tuntuɓen, kuma kai ba ka kusa balle ka gyara masa.

Isa: Haruffa masu lanƙwasa fa? Wanda yake son suna mai ƙ ko ɗ?

Hauwa: Asalin tsarin adireshi haruffan a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan ɗori, kuma sunan ba ya wuce harafi 63. Daga baya an samar da hanyar shigar da wasu haruffan, amma a bayan fage ana mayar da sunan wani rubutu mai farawa da xn da karan ɗori biyu, kuma ba kowace hukumar rajista ke karɓar kowane harafi ba. Ko an karɓa, mutum nawa ne zai nemo ƙ a wayarsa? Ka yi rajista da k, a tambarinka ka rubuta yadda ya dace. Sai dai ka duba kada cire lanƙwasar ya sauya ma'ana.

Nura: Wani ya rubuto mana cewa an ba shi shawara ya cusa kalmomin da ake nema a cikin sunan, wai Google zai ɗaga shi sama.

Hauwa: Tsohuwar dabara ce. A da tana aiki, har mutane suka riƙa sayen adireshi masu tsawo, kalma huɗu ko biyar a jere, shafin kuma ba komai a ciki. A Satumban 2012 Google ya sauya lissafinsa don rage wa irin waɗannan shafuka marasa inganci ƙarfi. Kuma ko da tana aiki, wa zai tuna irin wannan suna gobe? Ni abin da ke ba ni takaici shi ne a ga yaro mai basira, rubutunsa mai kyau, amma ya lulluɓe kansa da sunan da ya yi kama da na mutum dubu.

Isa: To mu koma kan tambayar. An kama .com.

Hauwa: Ba abin mamaki ba ne, tun 15 ga Maris 1985 ake rajistarsa, symbolics.com ne na farko. Facebook kansa da thefacebook.com ya fara a 2004, sai a 2005 ya sayi wanda muka sani kan dala 200,000. Dropbox, mai ajiye wa mutane fayiloli a intanet, ya yi zamani yana getdropbox.com. Ka ƙara gajeriyar kalma a gaba ko a baya, ka fara aiki. Ko ka duba wasu ƙarshen ban da .com, tunda ICANN, hukumar da ke kula da tsarin adireshin intanet, ta buɗe ƙofar sababbi a 2012, aka samu su .shop da .app.

Nura: Ni .ai nake gani ko'ina yanzu. Na ɗauka don ƙirƙirarriyar basira, wato AI, aka yi shi.

Hauwa: Ina! Na wani ɗan tsibiri ne, Anguilla, a yankin Karibiyan. Mutanensa ba su kai 20,000 ba.

Nura: Wai kina nufin duk kamfanonin nan tsibirin suke biya?

Hauwa: Shi suke biya. A 2023 abin da ya samu daga nan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa. Haka .tv, na Tuvalu ne a tekun Pasifik, .co kuma na Kolombiya.

Isa: Ikon Allah. Ba noma, ba haƙar ma'adini, haruffa biyu kawai.

Nura: Malam, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Suna zaune, duniya ta ƙirƙiro talabijin, ta zo ta same su.

Isa: Yanzu sai sauran ƙasashe su zauna jiran a ƙirƙiro abin da ya dace da haruffansu.

Nura: A kafa kwamiti ma. Kowace safiya a tambaya, yau an ƙirƙiro namu?

Isa: Shugaban kwamiti ya ce a ƙara haƙuri, masana na kan aiki.

Nura: Ko a roƙi masanan su duba haruffan tukuna kafin su raɗa wa abin suna.

Hauwa: Kun gama? Don akwai abin lura a nan. Ƙarshen da yake na ƙasa, dokar ƙasar yake bi, kuma makomarta ta shafe shi. Da Yugoslabiya ta wargaje, .yu ya ci gaba na wasu shekaru, aka rufe shi a 2010. Da Birtaniya ta sanar a 2024 cewa za ta miƙa tsibiran Chagos ga Mauritius, masu .io suka shiga tambayar ina aka dosa, don na wannan yankin ne. Ban ce kada a saya ba, amma ka san a ƙasar wa ka kafa.

Isa: Kin ce "saya". Saye ne da gaske?

Hauwa: Haya ce, Malam. Shekara-shekara ake sabuntawa, .com kuma ba a biyan fiye da shekara 10 a lokaci ɗaya. In wa'adi ya wuce akwai ɗan lokacin fansa, daga nan ya koma kasuwa, kuma akwai masu zaman jiran irin wannan. A 2015 wani tsohon ma'aikacin Google ya sayi google.com kan dala 12, ya riƙe shi kamar minti ɗaya kafin a soke cinikin. Ka kunna sabuntawa ta kai-tsaye, ka sa imel ɗin da kake dubawa. Kuma don Allah, wannan ku saurara da kyau: rajistar ta kasance da sunanka. Kada wanda ya gina maka shafi ya yi ta a asusunsa. Ranar da kuka saɓa, sunan da ka sha wahalar ginawa yana hannunsa.

Nura: Yaya Hauwa, ana yi mana alamar lokaci.

Hauwa: Tun yanzu? Ba mu taɓo alamar kasuwanci ba, ba mu taɓo kama suna iri ɗaya a Facebook da YouTube da sauransu ba. To a gurguje, kafin ka biya, bincika ko sunan na wani kamfani ne mai rajista, don akwai tsarin ƙorafi tun 1999 da za a iya ƙwace adireshin da shi.

Isa: Ni kuma ban janye ba kan masu taɓa komai, akwai abin da ban faɗa ba.

Hauwa: Riƙe shi, da kai za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Nura, rufe mana.

Nura: Mun gode da sauraro, a ci gaba da turo saƙonni. Sai mun sake haɗuwa.